Fam 1,400 sun tafi a ƙarƙashin daɓe: gargaɗi ga 'yan uwa mazauna Ingila

Jama'a, kunya ce ta hana ni magana tun watan jiya. Fam 1,400. Kuɗin aikin dare ne fa, ba tsintarsu na yi ba.

Duk mai zama a tsofaffin gidajen nan na Bradford ya san matsalar: daɓen katako, ƙarƙashinsa fili wayam, da hunturu iska na busowa ta tsakanin katakan, har dardumar salla ta yi sanyi ƙalau. A Facebook na ga tallar wani mutum, wai yana shimfiɗa ulun tumaki a ƙarƙashin daɓe don tare sanyi, ba sinadari. Ƙaramin ɗana na da asma, shi ya sa na nace sai ulu.

Kada wani ya ce mini na yi wauta. Na yi tambayoyi! Na tambaye shi batun asu, ya ce an wanke ulun da maganin ƙwari. Mutumin nan takalminsa ya cire a bakin ƙofa tun ban ce ya cire ba. Ya ciro ulu daga jaka ya ce in shinshina. Warin ragon layya sak, har na yi dariya na kira maman yara ta zo ta ji. Wannan warin ne ya cuce ni. Har yau nakan tuna yadda na riƙe ulun nan a hannu ina gyaɗa kai kamar wani masani.

Na tura masa 900 kafin alƙalami, ta banki. A'a, 500 na fara turawa, 900 ɗin ranar da ya zo da yaronsa ne, wai kaya sun yi tsada. Duka dai 1,400. Awa uku suka yi, suka mayar da katako, suka tafi.

Sai da falo ya fara warin danshi na ɗaga katako ɗaya na haska tocila. Ulu a bakin ramin kawai, inda ido zai gani. Can ciki tsohuwar audugar gilashi ce mai sa ƙaiƙayi, rabinta a ƙasa, ko ragar da za ta riƙe ta babu. Ƙofofin iskan nan na jikin bulo ta waje kuwa ya toshe su duka, alhali su ke hana katako ruɓewa. Fumfuna har ta fara. Lambarsa ba ta shiga, shafin ma ya goge. Kafin nan ma ya ce zai aiko rasit, ina ta jira.

Hotunan hirarmu da shaidar banki suna nan, zan sa su da zarar na rufe adireshina.

Ku duba sunan kamfani a Companies House (hukumar rajistar kamfanoni), ku biya da katin bashi, ku leƙa kafin a rufe daɓe.

Fam 1,400, kuma har shayi na dafa masa, da madara.