Neman raba aure ta GOV.UK, shafin intanet na gwamnatin Birtaniya: abin da ya sauƙaƙa da abin da ya bari

Tun 6 ga Afrilun 2022, mai neman kotu ta raba aurensa a Ingila da Wales ba sai ya tona asirin abokin zamansa ba. A da sai an kawo hujja: zina, mugun hali, ƙaurace wa gida, ko zama dabam na shekara 2 ko 5. Yanzu magana ɗaya ake rubutawa, cewa auren ya lalace ba gyara, kotu kuma ta karɓa. Sharaɗi dai auren ya haura shekara ɗaya.

Cike fom ɗin ba shi da wuya, kuma ana iya nema shi kaɗai ko miji da mata tare. Ana buƙatar takardar shaidar aure ta asali ko kwafin da hukuma ta tabbatar, da fassara mai shaida idan ba da Turanci aka rubuta ta ba, da adireshin ɗayan. Kuɗin shigarwa ya koma fam 612 a Afrilun 2025, akwai kuma rangwame ga mai ƙaramin ƙarfi. Hoton takarda da ya fito dishi-dishi, ko sunan da ya saɓa da na takardar aure, shi ke sa a dawo wa mutum da buƙatarsa. Wanda aka ɗaura wa aure a masallaci kawai a Ingila, ba a yi rajista ba, ya fara bincika ko doka ta san da auren ma.

Sauri kam babu. Ɗayan yana da kwana 14 ya amsa, ana kuma jiran mako 20 daga ranar da kotu ta buɗe ƙarar kafin neman hukuncin farko, sai mako 6 da kwana 1 kafin na ƙarshe.

Inda shafin ya gaza shi ne dukiya. Hukuncin ƙarshe aure kawai yake yankewa. Gida, fansho da ajiyar banki suna nan a buɗe, sai an nemi wani umarnin kotu dabam. Wanda ya yi gaggawar sake aure kafin ya shigar da buƙatar kuɗi yana iya rasa haƙƙinsa. Batun yara ma hanyarsa dabam.

Ga ma'auratan da suka daidaita kuma ba su tara komai tare ba, shafin ya wadatar. In akwai gida ko fansho, a ga lauya kafin a nemi hukuncin ƙarshe.