Gwajin kaki: madubin likita ko GeneXpert?

Mai tarin da ya haura mako biyu a ƙauyukanmu na wajen Ringim, gwaji biyu ne a gabansa don gano ko tarin fuka ne.

Na farko tsohon hannu ne. A shafa kaki a gilashi, a rina, a leƙa ta madubin likita. Ga araha, ga shi kusa. Sai dai idan ƙwayoyin cutar ba su kai dubbai a ɗan kakin ba, sai a ce maka lafiya lau, alhali tarin fuka na cin ƙirji.

Injin GeneXpert kuwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010, ƙwayoyin halittar cutar yake karantawa. Cikin kamar awa biyu zai faɗa maka akwai ko babu, har ya duba wata ƙwayar halitta mai suna rpoB. In ta sauya, maganin rifampicin ba zai ci cutar ba, kuma shi ne jigon maganin wata shida. Matsalar injin ita ce rashin wutar lantarki da zafi. Na taɓa raka kawuna a kan acaɓa, robar kaki ƙulle a leda, muka tarar ba wuta, sai washegari. Duk da haka GeneXpert zan zaɓa.

Amma fa dukkansu ba sa ganin cutar da ta kwanta. In garkuwar jiki ta killace ta, iska ta yi mata ƙaranci, sai ta kunna ƙwayoyin halitta kusan 50 ƙarƙashin wani furotin mai sarrafa su da ake kira DosR, ta lafe shekaru, ba ta fitowa a kaki.