Wane Kwas Ya Dace da Mai Ba da Shawara kan Larurar Cin Abinci?

Kwasa-kwasan ƙaro ilimi kan larurar cin abinci sun cika intanet, kowanne da alkawarin takardar shaida. Kafin ka zare kuɗinka, ka tambaya: in an gama karatu, wa zai zauna da kai ya duba yadda kake tafiyar da majinyaci na gaske?

Mafi araha su ne gajerun darussan awa ɗaya zuwa uku, kuma amfaninsu cike sa'o'i ne kawai. A Amurka, hukumar NBCC, mai ba masu ba da shawara takardar shaida, na buƙatar mai riƙe da shaidarta ya tara sa'o'i 100 duk shekara 5, don haka sai a duba ko ta amince da mai kwas ɗin. Za ka fito ka san bambancin anoreksiya (ƙin cin abinci don tsoron ƙiba) da bulimiya (cin abinci fiye da kima sannan a fitar da shi, misali ta amai), amma hannunka bai faɗa ba tukuna.

Inda kwalliya ke biyan kuɗin sabulu shi ne horo kan hanyar jinya guda, daga farko har ƙarshe. Idan manya ne majinyatanka, ka duba CBT-E, jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda Christopher Fairburn ya tsara a Jami'ar Oxford, cibiyar binciken larurar cin abinci ta CREDO kuma take koyar da ita ta intanet. Zama 20 ne cikin mako 20, ko kusan 40 ga wanda ya rame sosai. Majinyaciya na rubuta duk abin da ta ci, da lokacin, da abin da ta ji a ranta, sannan sau ɗaya a mako ku auna nauyinta tare. A nan sabon shiga ke daburcewa. Ta hau sikeli, ta ga ƙarin rabin kilo, ta fashe da kuka ta ce gobe ba za ta karya kumallo ba. Bidiyo ba zai ji amsar da ka ba ta ba, balle ya gyara maka. Shi ya sa, in ka zaɓi wannan, ka ware kuɗin mai duba aiki tun farko.

Ga matasa kuwa, FBT, wato jinyar da ake yi tare da iyali, ce a gaba. Daga asibitin Maudsley na Landan ta samo asali, James Lock da Daniel Le Grange suka fitar da littafin jagorarta a 2001. Iyaye ne ke karɓar ragamar ciyarwa. A zama na biyu ma iyali na zuwa da abincinsu a ci a gabanka. Samun shaidarta na da tsada, domin sai an bi aikinka da iyalai na gaske, kuma a ganina abin da kake saya ke nan.

Shaidar ƙwarewa ta CEDS, wadda ƙungiyar masu aikin larurar cin abinci ta iaedp ke bayarwa, doguwar tafiya ce: jarrabawa da shekarun aiki ƙarƙashin kulawa. Sai wanda wannan fanni ya zama sana'arsa.

Mai son ya zama mai duba aikin wasu na iya neman shaidar ACS ta cibiyar CCE da ke ƙarƙashin NBCC, wadda ke buƙatar horon sa'o'i 45. Sai dai ta gama-gari ce, ba ta nuna an san wannan larura. Duk wanda za ka ɗauka ya kula da aikinka, ka gwada shi: yaushe zai tura majinyaci asibiti? Ya san yawan amai na zubar da sinadarin fotasiyam har zuciya ta rikice? Ya san haɗarin dawo da abinci da gaggawa ga wanda ya daɗe bai ci ba? Jagorar MEED da kwalejin likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta fitar a 2022 kan wannan take.

Mai aiki a Kano ko Damagaram ya sani cewa shaidar waje ba lasisin aiki ba ce a gida, kuma a kan son rama aka gina yawancin darussan. Da wuya su taɓo budurwar da ke shan sha-ka-fashe don ta yi ƙiba, ko wadda ke fakewa da azumin nafila don ta guje wa abinci. Ka kai wa mai duba aikin irin waɗannan misalai tun a ganawar farko, kafin ka biya.