Samarin da suka yashe mana lambatu a Tudun Wada

Masu yasar lambatu ba su da wuyar samu a Zariya, sai dai yawancinsu iyakar aikinsu su tsamo ƙazanta su jibge a bakin kwata su karɓi kuɗi. Ruwan farko na sauka komai ya koma inda ya fito. Samarin da mai unguwarmu ya haɗa mu da su bana ba haka suke yi ba.

Da baro da shebur da manjagara suke zuwa. Daga bakin kwalbati suke farawa su yo sama, don ruwan da ya kwanta ya samu hanyar wucewa. Ledar fiya wata da robobi sukan ware su gefe guda, laka kuwa su bar ta ta tsane, washegari su dawo su kwashe ta tas su kai juji. Wannan dawowar ce ta sa na yarda da su.

Na tambayi babbansu me ya sa ba sa tura sharar gaba su huta. Ya ce, "Baba, ai gaban nan Kubanni ne." Wallahi maganar ta shige ni. Kogin nan daga wajen Shika ya taso, ya bi ta Samaru inda Jami'ar Ahmadu Bello ta datse shi a shekarun 1970 don samun ruwan sha, ya ratso tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, sannan ya faɗa Galma. Muna yara a cikinsa muka koyi iyo. Yau tsaya kan gada ka leƙa, leda ce ta rataye a kowane reshe, yashi da shara sun cike masa ciki, shi ya sa in ruwan Agusta ya yi ƙarfi yake tumbatsa ya shiga gonaki da gidajen da aka gina a bakinsa. Da rani kuma da wannan ruwan masu lambu ke shayar da latas da kabeji da alayyafo, mu je kasuwa mu sayo mu ci da iyalanmu.

Suna da nasu aibin. Ba sa cika alkawarin lokaci, in sun ce da hantsi to ka sa ran azahar. Abin da ya fi damuna shi ne rashin safar hannu da takalmin roba, ga fasassun kwalabe a cikin lakar. Mu dai mun haɗa kuɗi a layinmu mun saya musu.

Kuɗin aikin gwargwadon tsawon ƙofar gidanka ne, kuma ana ciniki. Ya fi sauƙi in maƙwabta suka haɗu aka yi layin gaba ɗaya, don yashe gaban gida ɗaya ba ya hana toshewa. A neme su tun watan Afrilu, don da zarar damina ta kankama layi ake bi kafin a same su.