Tortilla ta Masara ko ta Fulawa: Wacce Ta Dace da Mai Rage Ƙiba?

'Yan uwa mazauna Amurka sun sha tambayata wacce za su ɗauka cikin waɗannan gurasar Meziko guda biyu.

Ta masara ita ce ta asali. Ana dafa masarar da ruwan farar ƙasa kafin a niƙa, wanda ke ƙara mata sinadarin kalsiyam, ya kuma sa jiki ya amfana da bitamin B3 ɗinta. Ba a kwaɓa ta da mai. Ƙarama ɗaya ba ta cika wuce kalori 60 ba. Biyu da wake da ganye sun isa kalaci. Amma in ta huce karyewa take yi, sai an ɗumama ta a busasshen kasko. Da zarar an soya ta a mai kuwa, an ɓata lissafi.

Ta fulawa, wadda aka fi ci a arewacin Meziko, tana da laushi da daɗin naɗewa, sai dai da mai ake kwaɓa ta, matsakaiciya kan kai kalori 140. Ku duba leda da kyau, wasu da kitsen alade ake yi.

Mai ƙirga kalori, ko wanda alkama ba ta karɓe shi ba, ta masara ce tasa. Mai naɗe abinci ya tafi wurin aiki, ƙaramar ta fulawa ɗaya ta ishe shi.