Shagon man girki a Tudun Wada: kayansu na da kyau, amma yaron shagon ya cika baki

Wata uku kenan ina sayen man girki a wani shago nan Tudun Wada, mai ne kawai sana'arsu, man gyaɗa na matsa, manja, man shanu, man kwakwa, har zaitun na kwalba. Ƙawata ce ta haɗa ni da su bayan likita yace maigidan ya rage tumbi.

Man gyaɗansu gaskiya ba magana. Kana buɗe gorar ƙamshin ƙuli-ƙuli zai dake ka, yana ɗan kumfa a wuta kamar yadda na gida ya saba sai ka jefa albasa ya kwanta. Manjan ma jansa na Allah ne, bai rina min tukunya ba, kuma wannan jan shi ne jiki ke mayarwa bitamin A, shiyasa ni bana barinsa kan wuta har ya koɗe.

Inda muka saɓa shi ne zaitun. Yaron shagon ya ɗauko min wata 'yar kwalba yana cewa "Hajiya wannan ko ludayi kika zuba ba ya sa ƙiba", kuɗinta kuwa ya fi na gorar man gyaɗa babba, ni kuma na biya. Sati biyu ina kwarara wa mutumin nan zaitun a wake da shinkafa hankalina kwance, sai ranar da ƙanwata mai karatun nas ta juya bayan kwalbar tace Yaya karanta nan. Babban cokali ɗaya kalori 120, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, in ya yi yawa ya zama ƙiba. Na man gyaɗa ma kusan 120 ɗin ne, manja haka. Kowane mai giram ɗaya kalori 9 yake bayarwa, shi kuwa sitaci irin na shinkafa da tuwo 4 ne. Wato ludayin nan nawa... Allah dai Ya kyauta. Zaitun na da amfaninsa wajen zuciya tunda kitsensa ba irin mai daskarewa ba ne, amma man gyaɗa ma a wannan layin yake.

Abin da ya fi ba ni mamaki man shanu. Ɗanyensa cokali wajen kalori 100 ne saboda akwai ruwa a ciki, da ka soya shi ruwan ya ƙone ya zama zallan mai, ya kamo sauran. Nasu tsaf yake ba tsami, ɗan kaɗan a miyar kuka ya isa.

Da na koma sai yaron ya sauya waƙa, wai man kwakwa ne ke narkewa a ciki da wuri. Nan kam akwai ƙamshin gaskiya, wani ɓangare na kitsensa daga hanji hanta yake wucewa kai tsaye, sauran mai kuwa sai ruwan maɗaciya ya farfasa su a ƙaramin hanji sannan jiki ya tsotse a hankali, kuma mai na riƙe abinci a ciki, shiyasa in ka ci masa ta sha mai da safe har azahar kana jinta. Amma man kwakwa ya fi manja ma kitse mai daskarewa, da hunturu sai ka sa kwalbar a ruwan ɗumi kafin ya zubo. Na saya dai, gashi nake shafawa.

Mai shagon dattijo ne mai kirki, da na faɗa masa dariya yayi yace "Hajiya ki yi haƙuri, yaro ne", ya ƙara min manja gyara. Zan ci gaba da sayen man gyaɗa da man shanu a wurinsu. Ku dai tafi da gorarku, tasu murfin ba ya kamawa, ta taɓa jiƙa min jaka a Keke Napep.