Albasar Galmi: ingancinta, da iyakar kariyar da sunanta ya samu

Wanda ya saba sayen albasa da buhu yana gane ta Galmi tun kafin a kwance bakin buhun. Launinta shunayya ne mai ja-ja, ƙwayarta zagaye ce mai ɗan faɗi, wuyanta siriri, ɓawon kuma a manne. Tana da yaji, ba ta da ruwa da yawa, shi ya sa take jure ajiya da doguwar tafiya a mota zuwa Akara ko Abijan. A miya ƙwaya ɗaya tana yin aikin biyu na albasa mai ruwa. Ga mai cin ta ɗanya a kwaɗo kuwa, yajin yana iya yin yawa, sai an jiƙa yankakkiyar a ruwan gishiri.

Sunan ya fito ne daga garin Galmi na jihar Tawa, kan babbar hanya tsakanin Birnin Konni da Madawa. Ana yayyafa iri bayan damina, a dasa bayan kwana 40 zuwa 50, a cire da rani. Inda ake ɓata ta sananne ne. Yawan takin yuriya yana kumbura ƙwaya amma ta ruɓe a rudu, wato rumbun ajiyar albasa. Ban ruwa har ranar cira shi ma haka, alhali ya kamata a tsayar da ruwa kamar mako biyu kafin nan. Idan aka yanke ganye dab da ƙwaya tun wuyan bai bushe ba, ta nan ruɓa take shiga. Mai saye ya danna wuyan da yatsa, in ya yi laushi kada ya ajiye ta. In ya ga farare ko masu kodaɗɗen launi da yawa a buhu, irin ya gauraya.

OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka 17, wadda hedikwatarta ke Yawunde a Kamaru, ta yi wa Violet de Galmi, sunan wannan albasa da Faransanci, rajistar alamar asalin wuri, wato keɓe sunan ga wadda aka noma a yankinta, kamar yadda ta yi wa kilishin Nijar. Wannan abin yabo ne, sai dai a san inda ta tsaya. Yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya kan haƙƙin mallakar fasaha, wadda ta fara aiki a 1995, ta raba kaya gida biyu. Sashe na 23 ya ba giyar inabi da barasa kariya mai ƙarfi: ba a rubuta Champagne ko Cognac, waɗanda sunayen wurare ne a Faransa, a kan abin da ba can aka yi shi ba, ko da an ƙara "irin" ko "kwaikwayon", ko an faɗi ainihin inda aka yi shi. Albasa tana ƙarƙashin sashe na 22, inda sai mai ƙara ya nuna an yaudari masu saye ko an yi gasar rashin adalci. A ganinmu wannan bambanci ya cuci manoman Afirka.

Rajistar OAPI ba ta aiki a Najeriya da Gana, domin ba mambobi ba ne. Ga shi kuma sunan ya zama na iri, ana shuka shi a Burkina Faso da Senegal. Ɗan kasuwan da ke son ta Galmi ta ainihi ya tambayi ƙungiyar manoman da ta ɗaura buhun, ya zazzage aƙalla buhu ɗaya ya duba na ƙasa kafin ya biya.